A Fara Gina Ɗaki Kafin a Karɓi Akuya



Duk sa'ad da aka zo maganar kiwo a taron ƙungiya, tambaya biyu ake yawan yi mana. Ta fari, ina za a sami iri mai kyau, watau babban bunsuru ko zakaran Turawa. Ta biyu, wace allura za a yi wa dabba in ta kwanta ciwo. Da wuya ka ji wani ya tambayi inda dabbar za ta kwana. Mu kuwa a ganinmu wannan ce ya kamata ta zo gaba. Saboda haka muna kawo shawara ga dukan ƙungiyoyinmu: kada a ba kowa rancen akuya, ko tunkiya, ko kaji, ko zomo, sai 'yan kwamiti sun je sun ga ɗakin da zai sa su. Ɗakin da muke nufi kuwa na laka ne da gora da ciyawa, irin wanda mutum huɗu za su gama cikin 'yan kwanaki.

Mun san wannan shawara za ta yi wa waɗansu nauyi. Bari mu faɗi dalilanmu, ku auna da kanku.

Abin da danshi yake cinye mana

Ƙananan dabbobi su ne asusun talaka. In yaro ya ci jarrabawa, akuya ake kaiwa kasuwa. In haihuwa ta zo da gardama, tunkiya ce take biyan mota da asibiti. Yawancin dabbobin nan kuwa na mata ne, da gwauraye, da yara. In ɗaya ta mutu, sau da yawa babu wata a bayanta.

Ku tuna watannin da suka fi mutuwa. Awaki da tumaki da tsakiyar damina ne, wajen Yuli zuwa Satumba, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. A lokacin nan an ɗaure su a turke don kada su shiga gona. Turken yana wuri ɗaya wata da watanni. Ruwa ya zuba, kashi da fitsari su cakuɗe da laka, dabba tana tsaye a ciki dare da rana, ana zuba mata ciyawa a ƙasa.

Ga abin da yake faruwa a wurin. Akwai wata tsutsa siririya da take zama a tumbin akuya da tunkiya tana shan jini. Ƙwanta yana fita cikin kashi. In akwai ɗumi da danshi, cikin mako ɗaya ya ƙyanƙyashe ya zama 'yar tsutsa da ido ba ya gani, ta hau jiƙaƙƙiyar ciyawa, dabba ta sake haɗiye ta. Sai ka ga akuya tana ci amma tana ramewa. In ka buɗe fatar idonta ka ga ta yi fari, wani lokaci ƙarƙashin haɓarta ya kumbura. Ka sayi magani ka ba ta, ta warke, ka mai da ita turken nan, bayan wata guda ciwon ya dawo. Ka ce maganin jabu ne, alhali wurin kwanan ne.

Haka kuma kofato yakan ruɓe a cikin laka, dabba ta riƙa ɗingishi har ta kasa kiwo. Ƙananan 'ya'ya sukan kamu da zawo a wuri mai ƙazanta. Akuya kuwa, kowa ya sani, ba ta son ruwa ya taɓa ta. In ta jiƙe ta kwana cikin iska, sai mura da tari, daga nan ciwon huhu.

Wajen kaji kuma, kowace mace ta ƙirga a gidanta. Kaza ta kwanta kwana 21 ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki goma. Nawa suka kai wata biyu? A gidaje da yawa rabi ma ba sa kaiwa. Shirwa ta ɗauki biyu, ruwan dare ya kashe uku, muzuru ko gafiya su ɗauki ɗaya. Babu allurar da take hana wannan. Akurki ne kaɗai maganinsa.

Ɗakin awaki da tumaki

Abu uku ake nema: ƙasa busasshiya, iska mai wucewa ta sama, da kariya daga iska mai bugun jiki ta ƙasa. Duk ɗakin da ya cika ukun nan ya isa, ko da da kara aka yi shi.

A zaɓi tudu cikin gida, inda ruwa ba ya kwanciya, nesa da rijiya, kuma ta inda gangaren ruwa ba zai bi zuwa rijiyar ba. A ƙasarmu hadari yakan taso daga gabas, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas take zuwa. Saboda haka bangon gabas da na arewa su zama a toshe sosai, ƙofa ta dubi kudu ko yamma.

Babbar akuya tana bukatar fili kamar ƙafa 4 tsawo, ƙafa 4 faɗi. Ɗaki mai ƙafa 10 da ƙafa 8 ya ishi awaki biyar. A ware lungu ɗaya ga mai jego da 'ya'yanta, gama manya sukan tattake ƙanana da dare. Bunsuru a ba shi nasa wuri dabam, domin ku ne za ku zaɓi lokacin barbara. Cikin akuya wata biyar ne, mai lissafi zai iya shirya haihuwa ta faɗo lokacin da abinci yake da yawa.

Bango ya tashi ƙafa 4, da tubali ko zana ko gora. Tsakanin bango da jinka a bar sarari kamar ƙafa ɗaya ko fiye, kewaye, domin zafi da warin fitsari su fita. Bakin jinka ya zarce bango da ƙafa 2 saboda feshin ruwa. Jinkar ta yi tsayi da gangare sosai, gama jinka mai kwanciya ba ta daɗewa sai ta fara yoyo.

Batun ƙasa ya danganta ga inda kuke. Ruwan da Sakkwato take samu a shekara kusan rabin na Jos ne. A can arewa, inda damina gajeriya ce, itace kuma yana da wuya, daɓe ya isa. A cika ƙasar ɗakin ta fi ta waje tsayi da taƙi ɗaya ko biyu, a daɓe ta da ɗan gangare zuwa ƙofa, a riƙa sharewa kowace safiya ana barbaɗa toka da busasshen yashi. Amma a Filato, da kudancin Kaduna, da Binuwai, da Taraba, inda ruwa yake kai wata shida ko bakwai, gara a yi dandamali. A kafa ginshiƙai, a ɗaga ƙasar ɗakin ƙafa 2 zuwa 3, a jera gora ko sandunan itace madaidaita, a bar tazarar rabin inci tsakaninsu, watau kamar kaurin ƙaramin yatsa. Kashi zai faɗi ƙasa, ƙafa ba za ta shige ba. Wannan awo kada a yi masa ganganci. In tazarar ta yi faɗi, ɗan akuya zai karye. In ta yi ƙunci, kashi zai toshe ta. A sa matakala marar tsayi a ƙofa.

Don gara, a nemi ƙirya ko azarar giginya in akwai. In babu, a babbake gindin ginshiƙin a wuta, ko a ɗora shi bisa dutse. Ciyawa da harawa kuwa a rataye su da igiya ko a sa a ragar itace. Akuya dama mai miƙa wuya ce ta ci daga sama, kuma abin da ba ya taɓa ƙasa ba ya haɗuwa da kashi.

Ga gwaji mai sauƙi. Da sassafe, kafin a fito da dabbobi, mai gida ya shiga ya durƙusa. In gwiwarsa ta jiƙe, ƙasar ba ta yi ba. In idonsa ya yi yaji, iska ba ta wucewa. Abin da ya ji cikin minti ɗaya, shi dabbar take shaƙa dukan dare.

Akurki da gidan zomo

Kajin gida ba sai an tsare su wuni ba. Abincinsu yana cikin tsakar gida da bayan gida. Abin da suke bukata shi ne wurin kwana mai ƙofa. Akurkin laka da muka gada yana da kyau wajen ɗumi, amma yana da aibi biyu: ƙofarsa ƙarama ce, tsintsiya ba ta shiga, kuma tsagar bangonsa maɓoyar ƙuma ce da kaskar kaji, waɗanda sukan fito da dare su sha jini. Saboda haka a yi shi da ƙofa biyu, ƙarama ta kaji, babba ta shara. A shafe cikinsa sumul, a riƙa toshe tsaga, a zuba toka. A bar 'yan ramukan iska a sama, a rufe su da raga. A gicciya sanda ƙafa 2 daga ƙasa, kowace kaza ta sami wajen inci 8 na sandar. Wurin ƙwai kuwa tsohuwar tukunya ko kwando mai faɗin ƙafa ɗaya ya isa kaza biyar, amma mai kwanci a ba ta nata a wuri mai duhu.

Ga 'yan tsaki, a saƙa babban kwando marar gindi da gora ko gwangwala, a kife uwa da 'ya'ya a ciki da rana, a inuwa, da ruwa a kasko marar zurfi da ɗan tsaki da gara. A riƙa matsar da kwandon sabon wuri kowace rana har su yi mako 4 zuwa 6. Wannan kwando ɗaya yakan ceci kaji fiye da kowane magani da muka sani.

Muna roƙo kuma a daina kwana da kaji ɗaki ɗaya da yara. Murar tsuntsaye ta shigo Nijeriya a 2006, a 2007 kuma aka tabbatar ta kashe mutum a Legas. Tun daga lokacin takan sake ɓullowa. Kaza ta kwana a akurkinta.

Zomo shi zafi ne yake kashe shi. A sa gidansa a ƙarƙashin itace ko rumfa, ƙafa 3 tsawo, ƙafa 2 faɗi, ƙafa 2 tsayi ga mace ɗaya, a ɗaga shi ƙafa 3 daga ƙasa saboda karnuka. Ƙasansa raga ko gora mai tazara. A tsoma ƙafafun gidan cikin gwangwani mai ruwa ko tsohon mai don kwarkwasa. Zomanya takan haihu bayan wajen kwana 31, a sa mata akwati da busasshiyar ciyawa kwana uku kafin lokacin.

Masu aladu kuma, ku dasa duwatsu a ƙasar ɗakin, gama alade yakan tone daɓe. Ku yi masa inuwa sosai. Aladen da yake yawo yana cin bayan gida na mutane, daga nan namansa yake samun ƙwayoyin tsutsa masu cutar da mai ci. Zazzaɓin aladu da ya ɓarke a Nijeriya a 1997 ba shi da magani har yau, shinge da tsabta ne kariyarsa.

Riba ta biyu, taki

Kowa ya san abin da buhun takin zamani yake ci yanzu. Dabbar da take kwana ko'ina, takinta ma ko'ina yake zuba. Ruwa ya wanke, rana ta ƙone. Mafi yawan mutane ba su san cewa babban rabo na sinadarin da muke saya a buhun yuriya yana cikin fitsarin dabba ba. In aka shimfiɗa ƙaiƙayi ko ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa a ƙarƙashin dandamali, za su sha fitsarin. A kwashe kowane mako a tara a rami cikin inuwa, a rufe.

Wannan ba sabon abu ba ne. Manoman kewayen birnin Kano sun daɗe suna noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu. Suna tsare awaki da tumaki cikin gida da damina, suna yanko musu ciyawa, da rani su ba su harawar wake da ta gyaɗa, sa'an nan su kai takin gona a mangala kafin ruwa ya sauka. Gona ta ciyar da dabba, dabba ta ciyar da gona.

Abin da masu ƙin shawarar suke faɗa

Waɗansu sun ce, "Iyayenmu ba su gina wa akuya ɗaki ba, kuma sun yi kiwo." Gaskiya ne. Amma a zamaninsu daji yana da faɗi, turke yana iya canja wuri kowane mako, da rani kuma a saki dabba ba mai kuka. Yau gona ta zo har bakin danga. Da rani ma fadama cike take da lambun tumatir da albasa. Kararraki nawa ne suka kai gaban mai unguwa, ko gaban dattawan ikilisiya, a kan akuya ta ci shukar maƙwabci? Akwai gidajen da suka daina gaisawa saboda wannan.

Waɗansu sun ce ba kuɗi. In kwano da siminti ake nufi, lalle ba kuɗi. Amma kwano da rana tanda ne, da sanyin asuba kuma yakan yi gumi ya ɗiga a kan dabba. Jinka ta fi shi sanyi da rana, ta fi shi ɗumi da dare. Abin da za a saya ƙusa ne, da kwaɗo, da ɗan guntun raga. Mai shakka ya je kasuwa ya tambayi kuɗinsu, ya kuma tambayi kuɗin ɗan akuya ɗaya.

Waɗansu sun ce ɓarayi. Wannan magana ce mai nauyi, ita ce ma ta sa mutane suke kwana da awaki a madafa ko a zaure. Amsarmu ita ce a gina ɗakin cikin katangar gida, kusa da ɗakin kwana, ƙofarsa tana duban tsakar gida, da kwaɗo. Ɓarawo ya fi son akuyar da take turke a bayan gida, wadda zai yanke igiyarta ba ƙara.

Waɗansu kuma sun ce sun ga wanda ya gina ɗaki, annoba ta zo ta share shi duka. Wannan ma yakan faru, kuma dole mu faɗi gaskiya: ɗaki ba ya hana annoba. Ɗakin da aka cunkusa dabbobi, aka toshe ko'ina, yana ma sa ta yaɗu da sauri. Cutar awaki da tumaki mai majina da zawo da gyambon baki, wadda likitoci suke kira PPR, 'yar'uwar bushiyar shanu ce, rigakafi ne kaɗai yake tsare ta. Allura ɗaya takan kare dabba shekara 3. A 2015, a wani taro a Abijan, ƙasashen duniya suka ƙudura kawar da ita kafin ƙarshen 2030. Annobar kaji ta hunturu kuwa, wato Niyukasil, akwai rigakafinta na ɗigawa a ido, ana maimaitawa kowane wata 4. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da take aiki a Vom tun 1924 tana yin duka biyun. To, amma ku tambayi kowane ma'aikacin dabbobi abin da yake ɓata masa rana. Ya iso ƙauye da kwalba cikin ƙanƙara, kaji suna kan itace, awaki suna daji. Inda akwai ɗaki, a bar su a rufe da safe, cikin awa biyu an gama unguwa. Kuma mai ɗaki ne kaɗai yake iya ware dabbar da ya sayo daga kasuwa har mako 3 kafin ya haɗa ta da sauran.

Akwai kuma masu cewa dokar za ta hana matalauta rance, gama gwauruwa ba ta da mai sara mata gora. Wannan ita ce maganar da ta fi damunmu. In ƙungiya ta kafa doka ta tsaya nan, ta zalunci waɗanda aka kafa ta dominsu. Dokar ba ta da kyau sai an haɗa ta da gayya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da muke roƙon kowace ƙungiya

Na ɗaya, a rubuta a littafin ƙungiya cewa mutum biyu, namiji da mace, za su duba wurin kwana kafin a ba da dabbar rance.

Na biyu, a yanki ciyawar jinka a Nuwamba da Disamba, kafin wutar daji ta cinye ta, a ajiye a kan rumfa. Wanda ya jira Afrilu zai saya da tsada.

Na uku, a sa ranakun gayya daga Fabrairu zuwa Afrilu, bayan an gama sussuka, kafin sharar gona. A fara da gidajen gwauraye, da tsofaffi, da marasa lafiya. Gidan shugaba ya zo ƙarshe.

Na huɗu, ƙungiya ta sayi zarto, da guduma, da igiyar awo, a ajiye wurin ma'aji. Ƙusa da raga a saya a dunƙule a raba. A yanka guntun itace mai kaurin rabin inci a ba kowane magini, don tazarar dandamali ta zama ɗaya.

Na biyar, a dasa gora a bakin rafi, da dogon yaro a kan iyakar gona, domin ɗakin da aka gina bana zai nemi gyara nan da 'yan shekaru.

Na shida, a sa ranar rigakafi ɗaya ga dukan unguwa. Ta kaji ta zo kafin hunturu.

Muna so ku karanta wannan a taronku na gaba, ku tattauna tambayoyi uku. Dabbobi nawa suka mutu a gidajenku daminar bara, kuma a wane wata? Ina suke kwana lokacin da suka mutu? Gidan wa za a fara yi wa gayya? Ku rubuto mana amsarku, masu yarda da masu ƙi duka, za mu buga a fitowa ta gaba.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.